Uku Ce, Auta

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shaƙar ƙurar alli a makarantar sakandare, har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Sifili. Dalili kuwa, in aka ce a nemo inda lanƙwasasshen layi ya yanke layin y, sai ya doki allo ya ce, "Ku sa sifili a gurbin x, 'yan nema! Abin da ya rage shi ne amsa." Wanda ya kai sifilin gurbin y kuwa, ranar kunnensa zai gaya masa.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya tafi, harshe ya tafi, amma kan nan garau yake, ko ɗigo bai zube ba. Azabar ke nan.

Autarsa kuwa sau biyu lissafi yana kayar da ita. In ta sake faɗuwa bana, ita da makarantar koyon jinya sai dai hange. Da safen jarrabawar ta baje takardu a tabarma, dab da kujerarsa, tana bitar ƙarshe. Daga inda yake yana hango tambayar: y = 2x² − 5x + 3, a ina ya yanke layin y?

Uku ce! Ga ta nan ƙuru-ƙuru a ƙarshen tambayar. Yarinyar nan sai ta dangwara sifili a gurbin y, ta shiga rarraba lambobi.

Ya yi gurnani. Ya doki hannun kujera da hagunsa.

"Umma, Baba na son ruwa," in ji Auta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Matarsa ta kawo ruwa, ya kau da kai. Ta gyara masa filo. Ya miƙa hannu zai ɗauki biro, biron ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Wayyo Allah, mutumin da ya yaye likitoci da injiniyoyi, yau ga 'yar cikinsa tana nutsewa a ruwan da bai kai idon sawu ba.

Auta ta ja layi biyu ƙarƙashin amsarta, ta ɗaga masa littafin tana murmushi. "Baba, ɗaya, da kuma ɗaya da rabi. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta saɓi jaka ta fice. Hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ba ya motsi.

Matar ta share masa da gefen mayafinta. "Kukan daɗi kake yi, Malam? Ai bana ta ci, in Allah ya yarda."