Ranar da Kyanwa Ta Kusa Ja Min Duka

A shekarun da abubuwa ke tashi a Kano, ko tayar mota ce ta fashe sai kowa ya kwanta a ƙasa, ni kuwa a lokacin na samu waya mai kyamara. Daga ƙauyenmu na wajen Makoda nake kawo gyaɗa birni. In na sauke kaya ina jiran mota, sai in shiga ɗaukar hoton kyanwoyin titi, waɗanda ba su da ubangida. Na ɗauki wajen dubu, in ban rage ba.

Wata la'asar a Rijiyar Zaki na hango wata ramammiya mai kunne ɗaya a kan katangar wani babban gida. Na durƙusa, na saita waya. Sai na ji an damƙi wuyan rigata.

'Yan sintirin unguwa ne su huɗu, kowa da gora.

"Malam, gidan wa kake ɗauka?" in ji babbansu.

"Ranka ya daɗe, kyanwa nake ɗauka."

"Kyanwa? Da furfurarka?"

Kafin in haɗiye yawu mutane sun kewaye mu. Babban ya karɓe wayar yana dannawa, fuskarsa na ƙara ɗaurewa.

"Duk hoton nan da katanga ko ƙofar gida."

"To Yallaɓai, kyanwa a kan kujera za ta zauna?"

Babu wanda ya yi dariya. Wani daga baya ya ce a fara dukana, in ya so a yi tambaya daga baya.

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya shafa aljihuna, ya ji ƙulli. Ya yi tsalle baya yana salati, taron ya dare.

"Fito da shi a hankali!"

Na zaro ƙullin leda, na kwance. Kawunan busasshen kifi ne da nake roƙa wajen masu kifi a kasuwa. Wari ya tashi. Ramammiyar nan ta diro daga katanga, ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane, ta zo ta sa baki.

Wani dattijo ya ce, "Ku sake shi, wannan rashin aikin yi ne kawai."

Suka sake ni, amma sai da babban ya tsaya a kaina na goge hotunan ɗaya bayan ɗaya. Har motar ƙauyenmu ta tashi ina gogewa.