Buhun Duna

Baba Kafinta bai taɓa yin suna a sana'arsa ba. Kujerar da ya haɗa ba ta karyewa, amma ba ta da kyan gani, shi ma ya sani. A rumfar da ke jikin gidansa ya tsufa, tsakanin zarto da guduma, fensir maƙale a kunne ko ranar da ba aiki. Tun da matarsa ta rasu magana ta yi masa ƙaranci. Ɗan abin da ya rage da Duna yake yi, baƙin karen da ya tsinta yana jariri a bayan tulin katako.

Shi ma Duna tsufa ya cim masa. Idanunsa sun yi fari, haushinsa ya koma tari. Da hanci yake gane hanya, daga ƙofa zuwa kwanon ruwa, daga nan zuwa wani tsohon buhu a gindin bencin aiki, inda yake kwanciya tun fil azal.

Da ɓarawo ya ɗauke zarto da rana tsaka Duna na sharar barci, sai 'yar Baba ta zo da ɗan kwikwiyo a kwali.

"Baba, tsohon nan naka ko kaza ba ya iya kora. Ga mai gadi na kawo maka."

"Uwata, gadin me wannan zai yi? Takalmina ma ya fi shi girma."

Maƙwabcinsa mai walda, wanda ba a rasa shawara a bakinsa, ya leƙo. "Kwantar da shi a kan buhun babban, warinsu ya haɗu. Ba za su yi faɗa ba."

Baba ya ga maganar ta hau. Ya ja buhun zuwa kusurwar da ba ƙusoshi, ya ɗora kwikwiyon a kai.

Duna ya dawo daga shan ruwa, ya tarar da siminti zalla. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Can ya bi warin har kusurwa. Baba ya ɗauki sanda ko za a yi rikici, amma ko gurnani Duna bai yi ba. Ya daɗe yana shinshina kwikwiyon, sannan ya juya ya je bakin ƙofa ya kwanta a ƙasa. Daga ranar ya daina cin abinci.

Hankalin Baba ya tashi. Ya mayar da buhun wurinsa, ya kira shi. Duna ya shinshina, ya kau da kai. Baba ya wanke buhun tas da sabulu, nan kuwa ya ƙarasa ɓata lamarin, don yanzu ba warin kowa a jiki. Baƙin ciki ya kama Baba, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

Rannan ya tuɓe rigar aikinsa, duk gumi da garin katako, ya shimfiɗa a gindin benci. Duna ya taso da ƙyar, ya ɗora haɓa a kan wuyan rigar. 'Yarsa ta shigo ta same shi zaune a ƙasa daga shi sai singileti.

"Baba, ina rigarka?"

"Ana amfani da ita," ya ce, bai ɗago ba.

A cikin rigar ya binne Duna kafin mako ya zagayo.

Kwikwiyon ya girma, ya iya gadi, ba wanda ya sake taɓa ko ƙusa. Baba yana ba shi abinci a kan lokaci, yana canza masa ruwa. Har yau dai bai sa masa suna ba.