Anti Shiru Ta Rufe Tagar Magani

Tun kafin masu shara su gama, Anti Shiru ta iso ɗakin magani na asibitinmu, ta goge kanta, ta jera kwalaye, ta ɗaga taga. Ni na raɗa mata sunan. Shekara da shekaru ina zama kusa da tagar da ciwon gwiwata, ina bugun cikinta ko zan ji wa ke shan me, ban taɓa samun ko ƙanzo ba. Yanzu ta yi ritaya.

A taron sallamarta ne ɗan ƙanwata, tela, ya miƙe, gumi har wuya, ya faɗi abin da ta rufa masa.

Ashe damuwa ta taɓa kayar da shi: faɗuwar gaba, ba barci, keken ɗinki ma ya daina burge shi. Likita ya ɗora shi kan maganin damuwa, da na barci na ɗan lokaci. Ya fara samun sauƙi. Sai wata rana ya jira layi ya watse, ya raɓo taga kamar wanda ya yi sata.

"Anti, na barcin kawai za ki ba ni. Wancan zan daina."

"Na barci ba na kullum ba ne, ƙanena, jiki yana sabawa da shi. Wancan kuma ba a yanke shi farat ɗaya, ciwon zai iya dawowa. Me ya yi maka?"

Tela ya ƙura wa takalminsa ido. Ya gwammace ciwon ya dawo da ya buɗe baki.

Sai ta juya masa baya, wai tana gyara kwalaye, tana magana kamar da bango take: "Wasu tashin zuciya yake sa su. Wasu ƙiba. Wasu kuma, uwargida ce ke kwana da fushi."

Da kyar muryar tela ta fito. "Na ukun."

Ba ta yi dariya ba, ni kuwa da sai na faɗi ƙasa. Ta raka shi wurin likita da ƙafarta, ta tsaya a waje. Aka sauya masa wani iri a hankali.

 Da tela ya kai nan a labarinsa, mu da muke zunɗen masu karɓar maganin damuwa, kowa ya sunkuyar da kai, har da ni mai ciwon gwiwa.

Anti, ke ce mai rufa asiri. Ke kika san kunya tana raba mutum da maganinsa fiye da ɗaci. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku masu gadon tagar, ku koyi juya baya irin nata.

Matar tela kuwa tana can layin baya, fuska a rufe da mayafi, jaririnta sai tsala ihu yake.