Ranar da Na Ba da Gyara

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ina kishingiɗe a falon ɗana a unguwar Badi'a ta Riyad, jikana Anas ya kawo mini wayarsa har hanci. Ƙwallon Amurka yake bi, mai siffar ƙwai, wadda ake jifa da hannu. Wai ƙungiyarsa za ta sarayar da zaɓinta uku na sababbin 'yan wasa don ta riga kowa ɗaukar wani matashi mai jifa, wanda wasan duka ke rataye a wuyansa. Da Hausarsa mai ɗingishi, gauraye da Larabci, ya ce, "Jaddi, su biya ko la'?"

Na ga wannan ciniki a Amurka, na ji irinsa da Faransanci da Larabci, amma a bayan makarantarmu na fara yin sa, da damina, ina aji biyar. Ƙungiya biyu ce a garinmu, Tudu da Gangare, ni ne kyaftin ɗin Gangare. Ba ma fita sai mun yanko wa awaki ciyawa mun cika randuna. Turakun raga karan dawa ne, ƙwallo kuwa tsumma ce da ƙanena Sale yake ɗinkewa da zaren buhu. Siriri ne, ba ya iya gudu, amma kullum yana bayana riƙe da rigata.

Ƙa'idarmu ita ce baƙon yaro na ƙungiyar da aka fi lallasawa ne. Da Lado ya zo daga Jos da takalmin kambas, yana buga ƙwallo da hagu da dama, sai ya faɗa hannun Tudu. Na kasa haƙura, na nemi a yi musaya. Na jera yarana a rana, kyaftin ɗinsu Ɗan'asabe yana bin su yana matsa cinyoyinsu kamar mai tayin rago. Ya zaɓi biyu mafiya ƙarfi, na sallama. Sai ya dube ni yana murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ba gyara?" Yadda mai awo ke ƙara ɗan tafin hatsi bayan an gama ciniki, haka na waiwaya na kamo wuyan Sale na tura masa. Na ce, "Ga shi, kyauta." Fili ya ɗauki ihu. Wani ya ɗaga hannun Sale sama yana zagayawa da shi, ana tafi ana "Gyara! Gyara!" Ko wasa ba su sa shi ba, tsinto ƙwallo daga gonar rogo suka ba shi. Na fi kowa dariya.

Cinikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mun ci Tudu har kaka, sannan aka yi wa uban Lado canjin wurin aiki suka tafi. Sunan ne bai tafi ba. Malamai sun kira Sale da Gyara, 'yan mata sun kira, ya biyo shi har Riyad, inda ya shekara ashirin yana jan babbar mota a unguwar Masana'antu ta Biyu. Iƙamarsa, katin zaman ƙasa, ita kaɗai ke ɗauke da sunansa na yanka, Salisu. Zuwana na farko, shi ya tarye ni a filin jirgi, furfura ta cika masa gemu. Ya karɓi jakata ya ce, "Yaya, sannu da hanya. Gyaranka ne ya zo ɗaukar ka." Bai yi dariya ba. Na buɗe baki, ya riga ya juya. Bara ya rasu, ban ce masa komai ba.

Na tambayi Anas su wane ne ukun da za a bayar. Ya ce ai ba mutane ba ne tukuna, lambobi ne a takarda, ba wanda ya san sunansu. Na ce to su biya. Su yanzu suna cinikinsu cikin sanyin na'ura, ba a jera kowa a rana. Nawa yana da suna, kuma ni na canza masa shi.