Fitilar Kawu Ilu

Har yau in na ji warin kananzir, Kawu Ilu nake gani a bakin rijiya cikin fadamar Badaguishiri, da rana tsaka, yana zura kunnanniyar fitila da igiya. Ba mai shiga yasar rijiya sai fitilarsa ta riga shi. In ta mutu a ƙasa, aiki ya tashi ke nan, ko albasa za ta bushe. Ku mutanen garinmu, kun san sunan da kuka sa masa, Mai-haska-wa-kwaɗi. Ni dai har gobe ina jin haushinku.

Tambayarsa ɗaya ce: "Mi ka kashe ta can ƙasa, alhali ko ruwa ba ta taɓa ba?" Ya tambayi liman, ya tambayi likitan dabbobi. Wani jandarma da ya tsaida shi don duba takarda sai da ya roƙe shi ya wuce, don ya ishe shi da tambayar.

Da zan shiga lise, wato babbar sakandare, a Konni, ajin adabi na zaɓa, don ni waƙoƙi nake rubutawa a bayan kaye, littafin rubutuna na makaranta. Kawu ya hau motar albasa, ya zo ya zauna ƙofar buron darakta wuni biyu da fitilarsa, har aka gaji aka maida sunana ajin kimiyya. Na yi wata ban gaishe shi ba. Ko a jikinsa. Cewa ya yi: "Ɗiyata, waƙa ba ta hiddo mutum daga rijiya."

Wata rana malaminmu ya kifa kwalba kan kyandir, wutar ta mutu. Ya ce sashen iskar da wuta ke ci da shi, shi muke shaƙa mu rayu, kuma a rijiya mai zurfi wata iska mai nauyi kan taru ta kore shi. Da hutu na nuna wa Kawu. Ya sa na maimaita har kyandir ya ƙare.

"Shekara arba'in ina yawo, ashe amsa na cikin kwalba!" Muka yi ta dariya. Can ya ce a hankali: "Ke nan ba igiya ba ta."

Ban gane ba. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini cewa ƙanensu ita da Kawu, Sani, a rijiya ya rasu suna samari, kuma Kawu ne ke riƙe da igiyar. Tun ranar yake zaton shi ya yi nawar ja.

Allah Ya haskaka makwancinsu su biyu.