Matar da ta sa ni ɗanɗanon gishiri

Shekara shida ke nan da aka kai Mak Salmah makwancinta a Kampung Baru, amma har yau in hadari ya haɗo bayan azahar, Kuala Lumpur ta yi duhu-duhun nan nata, sai in ji kamar in na waiwaya zan gan ta a bakin murhu da ludayi a hannu. Ba ita ta haife ni ba, ba ma yare ɗaya muka tashi da shi ba, amma Mak nake kiranta, wato uwa a yarensu. Ita ce matar da ta riƙe ni ina 'yar shekara sha shida, lokacin da makarantarmu ta 'yan mata a Kano ta turo ni ƙasar nan a shirin musayar ɗalibai.

A bana tunawa da ita ta zo mini da nauyi. 'Yata ta fari, wadda na sa wa sunanta muke kira Mami, ta kai shekarun da nake a wancan lokacin, an kuma ba ta gurbi a irin wannan shiri. Japan za ta, gidan mutanen da ban taɓa gani ba. Babanta ya ce, "Ke kika taɓa bin hanyar nan, ke za ki yanke." Makaranta na jiran amsa, ni kuwa na kasa cewa e, na kasa cewa a'a.

Kafin gidan Mak, an fara sauke ni ne a Wangsa Maju, wajen wata mata da mijinta, ma'aikata, a wani bene mai tsawon da in na leƙa taga sai in ga jirgin ƙasa yana wucewa kamar zare. Mutanen kirki ne. Kullum suka gan ni sai su ce, "Dah makan?" wato kin ci abinci? Ni kuwa tarbiyyar gidanmu, baƙo ba ya cewa yana jin yunwa, balle 'ya mace. Sai ki ce alhamdu lillahi kin ƙoshi, a matsa miki, ki sake cewa kin ƙoshi, sannan a ajiye kwano a ɗaki a ja miki ƙofa. Haka na riƙa amsa musu ina jiran a matsa. Su kuwa bayin Allah suka ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Suka nuna mini firji suka ce kome nake so in ɗauka. Ni in buɗe firjin mutane? Da burodin makaranta da shayi na yi zangon nan, har zanen da na zo da shi ya fara zagaye ni ya yi saura.

Da zango ya juya aka mai da ni gidan Mak. Gidan katako ne a kan dirkoki, da bishiyar mangwaro a gefe, dogayen benayen birni kuma sun tsaya a bayansa kamar ba duniya ɗaya suke ba. Ita ma ta yi mini tambayar, na ba ta amsar da na saba. Ta dubi fuskata, ta dubi wuyan hannuna da ya rame. Bayan 'yan kwanaki ta daina tambaya gaba ɗaya.

Abin da ta koma yi shi ne, da na dawo daga makaranta sai ta kira ni kicin da sunan da ta yanka mini daga Hadiza. "Ijah, zo. Harshena ya tsufa, ba ya jin gishiri. Ɗanɗana mini." Ba a bakin cokali take ba ni ba. Kwano take cikawa da miyar kifi mai tsami, ta tula shinkafar da ta dafa da madarar kwakwa, wai miya ba ta nuna halinta ita kaɗai. Daga nan ta juya mini baya ta kama wanke-wanke, ko ta fita kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Ba ta taɓa tsayawa tana kallon bakina ba. In na ce gishiri ya ji, sai ta ce, "Kin tabbata? Ƙara dai."

'Yarta Aida, sa'ata, takan shigo ta ce, "Mak, ni harshena mutuwa ya yi?"

"Ke surutu ya cinye naki. Matsa ki ba mai aiki wuri."

Har na bar ƙasar nan aiki nake yi a ganina. Ruwa na dukan kwanon rufi, ƙamshin ganyen da take jefawa a shinkafa ya cika gidan, kiran sallar la'asar yana shigowa ta tsakanin katako, ni kuma ina zaune a ɗan benci ina taimakon tsohuwa da gishirinta.

Allah ya ƙaddara zan dawo da aure, da maigidana ya zo ƙaro karatu ya kuma samu koyarwa. Mun sami 'yan shekaru tare da ita kafin rasuwarta. Wata rana na tambaye ta maganar harshen nan. Ta yi dariya har da riƙe gefen tebur. Ta ce da farko ta zaci girkinta ne ban so, har ta yi wa mijinta kuka, sai ta hango ni ina wanke tukunya ina tsintar ƙanzo ina kaiwa baki da sauri. "A nan na gane ba abincin kike ƙi ba, tambayar ce ta yi miki nauyi."

Nakan ce, da za ta leƙo yanzu me za ta ce? Benayen sun ƙara matso gidanta. Yara na danna waya, mai babur ya kawo musu abinci har ƙofa. Mami kuwa ba irina ba ce, daga bakin ƙofa take cewa, har da "lah" ɗin da 'yan garin nan ke rufe zance da shi, "Mama, yunwa lah, me aka dafa?" Na san Mak za ta so wannan. Amma ni na san inda kunyar 'yata ta ɓuya. Ba za ta iya katse wa manya hira ta ce lokacin salla ya yi ba. Ba za ta iya tambayar me aka sa a tukunya ba. In kewa ta kama ta shiru take yi, ta ce ba kome. Wa zai hango ta a gidan da ba a kiran salla, ya gane abin da ya yi mata nauyi? Waya za ta nuna mini fuskarta, ba za ta nuna mini wuyan hannunta ba.

Makon jiya na ɗauki Mami muka je wajen Aida, wadda ke zaune a gidan yanzu, don mu yi wa Mak addu'a tare. Na zayyana mata damuwata tana yanka albasa. Ta ce, "Ijah, kin san maƙwabta sun hana Mak karɓar ki? Wai 'yar Afirka ce, ba a san me take ci ba, ba a san halinta ba. Mak ta ce musu, 'Ai uwar yarinyar ma ba ta san halina ba, ta kuma saki hannunta.'"

Sai na tuna Innarmu a filin jirgi. Ba ta san akwai wata Salmah a duniya ba. Ta gyara mini mayafi kawai ta ce, "Allah ya haɗa ki da nagari." Ban taɓa tunanin irin nauyin da wannan kalma ta yi mata ba sai da nake zaune a tsohon bencin nan, ruwa na sauka, ina kallon Mami tana leƙa tukunyar Aida.

Wataƙila wata rana gidan katakon ya tafi, bene ya hau wurin. Miyarta kuwa ko Aida ba ta iya ta daidai ba. Abin da ya rage mini na Mak shi ne wannan juya bayan da take yi, da yaƙinin cewa Ubangijin da ya tanade ta a ƙasar da iyayena ba su sani ba bai rasa wasu nagari ba.

Jiya a gidanmu na Taman Melati na kaɗa miyar kuka na kira Mami. Na cika mata kwano, na ce ta ɗanɗana mini gishiri, na juya ina wanke ludayi. Ina ba ta baya na ce ta gaya wa Abbanta na amince da tafiyar, da sharaɗin in lokacin salla ya yi ta buɗe baki ta faɗa, in aka tambaye ta damuwarta kada ta ce ba kome. Na ji cokali ya tsaya. Can ta ce, a hankali, "Gishiri ya ji, Mama."

Ban juyo ba. Na ce, "Kin tabbata? Ƙara dai."

Allah ya jiƙan Mak Salmah, ya ciyar da ita daga abincin Aljanna ba tare da ta tambaya ba.