Takardun Ƙunshin Gyaɗar Safara'u

Safara'u 'yar Tasawa ce. Da ƙafa suka fito hajji ita da mijinta, shi ya rasu a Sudan, ita ta iso Makka ta zauna. A 1964 shekararta goma sha tara a unguwar Mansur tana sayar da gyaɗa, ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Ko hular askari ta hango daga nesa, tirenta ya shige ƙarƙashin mayafi kenan.

Ni maƙwabcinta ne, na kuma sha faɗa da ita kan takardar ƙunshi. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta taɓa zuba gyaɗa a takarda mai rubutun Larabci, don kada sunan Allah ya faɗi ƙasa. Rubutun Nasara kaɗai take saye. Tsaurinta har haushi yake ba ni.

Da wani ɗan canji ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da takardunsa a kilo. Safara'u ta samo littafi mai kauri na gwanjon tsofaffin kuɗi da aka yi a Turai, kowane shafi cike da hotunan sulalla. Ta juya shi, ta ga baƙaƙen Nasara, ta yi murna. Kwana uku tana yagar shafukan tana ƙunshi.

Ran na huɗu, da hantsi, askari ya tsaya a kanta da takarda duk maiƙo a hannu. Ba ta gan shi da wuri ba. Ja'afaru, wani ɗan Hausawa haihuwar Makka, ya matso ya yi tafinta.

"Hajja, ya ce a bakin kwata ya tsince ta. Wannan hoton dinari ne na zamanin da. Zanen da ke tsakiyarsa kalmar shahada ce."

Ta ƙura wa hoton ido.

"Ya ce ki tattaro duka ki kai ofis kafin la'asar. In ba ki kai ba, shi zai dawo."

Askarin na wucewa Ja'afaru ya rage murya. "Kada ki je, Hajja. A can iƙama za su fara tambaya. Ki tafi unguwar Jarwal ki ɓuya, sati guda ya manta."

Ni ma haka na ce, har da tsawa. Ba ta ko dube ni ba. Ta bi lungunan Mansur a duƙe, tana zaro shafuka daga kwata da bola, tana gogewa da bakin zaninta. Ta tara abin da ta samu, ta naɗe a tsumma mai tsabta.

"To bar su nan, mu ƙona da kanmu," na ce.

"Ɗan'uwa, ni na zubar. In na ɓuya, wa za su kama? Duk mai tire a layin nan."

Ta ba ni makullin ɗakinta, ta ce in shayar da kajinta ruwa, ta ɗauki tsumman ta nufi ofis. Bayan kwana tara aka ce an gan ta a Jidda, cikin waɗanda za a ɗora a jirgin ruwa a mayar da su gida.